Yaron Da Ya Makara Wajen Tafiya: Aikin Asibiti Da Aikin Tsakar Gida

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacin gashin ƙashi, irin wanda a nan Yamai aka fi sani da kine, ya gabatar gaban taron iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyaran rubutu.



Tun da yake yawancinku mutanen lissafi ne, wasu a rumfa, wasu a ofis, bari in fara da lissafi. A shekarar 2012 wata malama mai suna Karen Adolph da abokan aikinta a jami'ar New York ta Amurka sun zauna suna ƙidayar takun yara masu lafiya, ƴan wata 12 zuwa 19, a lokacin da suke wasa. Abin da suka samu shi ne, a cikin sa'a guda yaro yakan yi taku 2,368 a matsakaicin lissafi, yakan kuma faɗi sau 17. A sa'a guda, jama'a. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da wannan taku da wannan faɗuwa ne ɗan Adam yake koyon riƙe jikinsa bisa ƙafafu biyu.

To, ku riƙe wannan adadi, ku dubi yaron da ya tara mu yau. Yana da shekara uku ko huɗu, bai fara tafiya ba, ko kuwa ya fara amma yana tangaɗi, in an ɗan taɓa shi sai ya kife. Safiya yana goye, rana yana kwance bisa tabarma, yamma yana goye. Sau ɗaya a mako uwarsa takan ɗauko shi daga Talaje ko Bukoki ko daga hayin kogi, ta shiga taksi biyu, ta yi layi, mu kuma mu karɓe shi na rabin sa'a. A cikin rabin sa'ar nan taku nawa ya yi? In an yi sa'a, talatin ko arba'in. Wanda ƙwaƙwalwarsa take lafiya yana samun dubbai kowace rana, wanda ya fi kowa bukatar horo kuma yana samun arba'in a mako. Duk abin da zan faɗa yau yana komawa ne kan yadda za a rage wannan tazara.

Amma kafin nan, ya kamata mu san ciwon da muke magana a kansa, domin sunayensa sun yi yawa a bakinmu. Likitoci a takardunsu na Faransanci suna rubuta IMC. Ƴan uwanmu na Nijeriya wasunsu suna cewa galahanga, ko da yake sunan yakan haɗa cututtuka da dama da ba su da alaƙa da juna. A unguwa kuwa sai a ce shan inna, wasu su ce ɗan ruwa ne. Shan inna wani ciwo ne daban: ƙwayar cuta ce take kama laka, ƙafa ta saki, ta shanye, ta yi laushi kamar tsumma, kuma tun watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar daga nahiyar Afirka. Wannan namu rauni ne da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana ɗanya, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun farko na rayuwa. Ƙafafun suna nan da ƙashinsu da tsokarsu, umarnin da yake zo musu daga sama ne yake zuwa a hargitse. Shi ya sa a mafi yawan yaran nan za ku tarar gaɓoɓin sun sandare, in ka nemi miƙar da su sai su yi maka gardama.

Wani likitan Ingila, William Little, shi ne ya tsaya gaban likitocin haihuwa na birnin Landan a 1861 ya ce akwai dangantaka tsakanin wahalar naƙuda da wannan sandarewa. Abin da ya gani a zamaninsa shi muke gani a namu. Wani nazari da likitocin yara suka yi a Kano a 2009 ya sa jinkirin numfashi wajen haihuwa a sahun gaba, sai shawarar jarirai ta biyo baya. Doguwar naƙuda a gida, jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, jaririn da idonsa ya yi ruwan ɗorawa a makon farko aka ce a shanya shi a hantsi, masassarar cizon sauro da ta hau kai har yaro ya yi ta jijjiga, da sanƙarau, wanda mutanen Yamai ba su manta da ɓarnarsa ta 1995 da ta 2015 ba. Waɗannan su ne ƙofofin da ciwon yake shigowa. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba laifin uwa ba ne, ba kuma musanya aka yi mata a bakin kogi ba. Ina faɗar wannan da ƙarfi saboda na san auren da ya mutu a kan wannan zargi.

A ƙasashen masu arziki ana samun kimanin yara 2 cikin 1,000. A Uganda, inda aka bi gida gida aka ƙidaya, rahoton 2017 ya ba da kusan 3 cikin 1,000. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Yamai mutum fiye da miliyan guda. In muka ɗauka rabinsu yara ne, muka ari ma'aunin Uganda, lissafin kasuwa zai ba mu yara wajen 1,500 a cikin garin nan kaɗai, tun a wancan lokaci. Ba ku ganinsu a titi saboda suna cikin ɗaki.

Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gara ku ji ta daga bakina da ku sayar da gona ku kai wa mai allura. Abin da yake canzawa shi ne jiki. Ƙashi yana tsawo kowace shekara, tsokar da ba ta aiki kuwa ba ta bin sa, sai ta gajarce, gaɓa ta ƙage. Haka kuma sauran ƙwaƙwalwar da ta tsira tana iya koyon sababbin hanyoyi, da sharaɗin a ba ta aikin da za ta koya. Tsakanin waɗannan biyu ake tsere.

Yanzu bari mu dubi ita tsayuwar kanta. Kowannenmu nan da yake tsaye, jikinsa yana ɗan lilo gaba da baya ba tare da ya sani ba. Abubuwa uku ne suke kai wa ƙwaƙwalwa labari: ido, da wani ɗan ma'auni da Allah ya ajiye can cikin kunne, da kuma tafin ƙafa da gaɓoɓi masu jin inda nauyi ya karkata. Da labarin ya isa, sai ta aika wa tsokar sharaɓa ko ta gaban ƙwauri ta ja kaɗan, a gyara. In turin ya yi ƙarfi sai ƙugu ya shiga, in ya fi haka sai mutum ya jefa ƙafa ya tare kansa. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Tafiya kuwa ta fi tsayuwa wuya nesa ba kusa ba, domin kashi 80 cikin 100 na lokacin da mutum yake tafiya, bisa ƙafa ɗaya yake. Ku dubi mace ɗauke da tulu a kanta tana ratsa rairayi, za ku ga gwanintar da muke yi wa kallon banza.

Ga yaronmu, saƙon yana makara, in ya zo kuma sai ya tashi tsokar gaba da ta baya a lokaci guda, su yi ta ja-in-ja, ƙafa ta zama kamar sanda. Agara ta ɗaure, dunduniya ba ta taɓa ƙasa, yana tafiya bisa yatsu. Wanda yake tsaye bisa yatsu kuwa wurin da ya dogara a kai bai fi faɗin tafin hannu ba. Wani cinyoyinsa suna harɗewa kamar almakashi. Wani yana tafiya a durƙushe, gwiwa a lanƙwashe. Irin wannan tafiya tana cin ƙarfi ninki biyu, wani lokaci har uku, bisa ga ta sauran yara. Saboda haka in ya yi taku ashirin ya zauna, kada a ce masa rago. Ya yi aikin da ɗan uwansa zai yi a taku sittin.

Tambayar da kowace uwa take yi mini a ranar farko ita ce: zai yi tafiya? Akwai amsa, kuma ba duba muke yi ba. Tun 1997 masana a Kanada suka tsara matakai biyar. Na ɗaya yana tafiya ko'ina, sai dai gudu da tsalle su ba shi wuya. Na biyu yana tafiya amma yana neman abin dafawa a matakala da wuri mai gargada. Na uku yana tafiya da abin riƙo a hannu. Na huɗu mafi yawan zirga-zirgarsa a keke ce. Na biyar ko kansa ba ya iya riƙewa sai an tallafe shi. A ƙididdigar ƙasashen da suke da rajista, biyu cikin uku na yaran nan suna tafiya. Alamar da muka fi dogara da ita tsohuwa ce: yaron da ya iya zama da kansa kafin ya cika shekara biyu, akwai kyakkyawan zaton zai taka, wanda ya wuce huɗu bai zauna ba, da wuya ƙwarai. Waɗannan masana na Kanada sun kuma bi yara 657, suka buga sakamako a 2002, inda ya nuna cewa yaro yakan kai kashi 90 cikin 100 na abin da zai iya na motsi kafin ya wuce shekara biyar, masu tsananin ciwo ma tun wajen shekara uku. Mu kuwa a nan sau da yawa sai yaro ya kai shida, an gama zagayen masu magani, goyo ya gagari uwa, sannan a kawo shi. Ko a lokacin akwai abin yi, amma an bar damina ta wuce.

Ina so in tsaya kan yaran mataki na huɗu da na biyar kaɗan, kada iyayensu su tashi daga nan da baƙin ciki. Yaron da ba zai yi tafiya ba yana bukatar tsayuwa a cikin abin tsayarwa kowace rana, saboda ƙashinsa da cikinsa da numfashinsa, yana bukatar kujerar da za ta zaunar da shi daidai ya ga mutane ido da ido, yana kuma bukatar keke. Keken guragu ba kāsawa ba ce. Na ga yaran da aka hana wa keke shekara da shekaru wai kada su sangarce, suka ƙare a ɗaki, alhali da an ba su da sun je lakwal.

To, mene ne yake aiki? A nan dole in fara da tona asirin kaina. Lokacin da na fara wannan sana'a, abin da muka iya shi ne mu kwantar da yaro, mu shafa mai, mu murza, mu ja ƙafa mu lanƙwasa, yana kuka, uwa tana kallo tana jin an yi aiki tun da an yi kuka. Akwai wata yarinya da na yi wa haka wata shida a wani wurin da na yi aiki. Ranar nan sai aka shigo da ita tana takawa, tana dafe da hannun kakarta. Na fara murna ina yaba wa kaina. Da na bincika, ashe an kai ta ƙauye wata biyu, tsohuwar kuma ba ta da ƙarfin goyo, sai ta riƙa ajiye ta tsaye jikin turmi tana daka, ta sa mata ƙwaryar fura a kan wani kututture taku uku daga nan, gobe ta matsar da shi taku huɗu. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta yi horon, ni tausa na yi.

Abin da ilimi ya tabbatar daga baya bai saɓa wa tsohuwar ba. Wata malama ƴar Ostareliya, Iona Novak, da ƙungiyarta sun tattara binciken duniya a 2013, suka sabunta shi a 2020, suka raba hanyoyin jinya kamar fitilar kan titi: kore, ruwan ɗorawa, ja. Waɗanda suka samu kore wajen motsi su ne waɗanda yaro da kansa yake yin aikin, yana maimaitawa, da wata manufa da aka sa a gaba, har da horon da iyaye suke yi a gida bisa jagorancin ma'aikaci. Jan gaɓa da hannu yaro yana kwance bai samu wannan matsayi ba. An kuma daɗe ana gaya mana cewa ƙarfafa tsoka yana ƙara sandarewa. Aikin Diane Damiano a Amurka tun 1995 ya buɗe hanyar rushe wannan zato, domin a ƙarƙashin sandarewar nan rauni ne yake ɓoye. Game da daidaiton jiki kuwa, a 2003 Anne Shumway-Cook da abokanta sun ɗora yara shida bisa wani dandamali mai zamewa ba zato, sau 100 a rana har kwana biyar. Yaran suka riƙa dawowa daidai da sauri fiye da da, kuma bayan wata guda abin bai gushe ba. Yara shida ba su da yawa, amma darasin a fili yake: jiki yana koyon tare faɗuwa ne in ana girgiza shi.

Na san wasunku, musamman Alhazan da suke fita waje, sun ga injin tafiya a manyan asibitoci, wanda ake rataye yaro da ɗamara, shimfiɗa tana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana da amfani, ban musa ba, domin yana tara taku da yawa cikin ɗan lokaci. Amma a 2010 an gwada shi a birnin Melbourne: aka raba yara masu tsananin ciwo gida biyu, wasu bisa inji, wasu suna horon tafiya a ƙasa, sau biyu a mako har mako tara. Injin bai fi ƙasa ba. Ga garin da wuta take ɗaukewa tsakiyar watan Afrilu, wannan labari ne mai daɗi. Ban da haka, yaronmu ba bisa shimfiɗa mai santsi zai rayu ba. Rairayi zai taka, da tsakuwa, da bakin kwata, da dokin ƙofa.

Ga yadda nake so tsakar gida ta kasance. A kafa sanduna biyu dogaye, kamar taku shida ko takwas na babba, bisa ginshiƙai masu ƙarfi, tsayinsu daidai ƙugun yaro ta yadda gwiwar hannunsa za ta ɗan lanƙwashe in ya dafa. Itacen da za a yi wannan yana nan a kasuwar Katako, kowane kafinta zai haɗa shi da hantsi guda. A goge shi sosai saboda sartse, a kafa shi a inuwa. Yaro ya fara da tsayuwa da hannu biyu, sai hannu ɗaya, ɗayan yana miƙawa ya karɓi wani abu, sama, gefe, ƙasa. Kowace miƙa tana tilasta masa ya mayar da nauyinsa bisa ƙafa ɗaya, wanda shi ne asalin taku. Daga nan sai tafiya gaba, da tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa yana bin bango, da tafiya da baya, wadda take sauke dunduniya tana kuma tayar da tsokar ɗuwawu. Sai tashi daga kujera ƴar tsugunno, a zauna, a tashi, sau goma. In ya ƙware a rage tsawon kujerar. Sai tsallake muciya da aka ajiye a ƙasa, sai hawa bulo guda da sauka. In ya fara sakin hannu, uwa ta durƙusa a bayansa ta riƙe ƙugu, ta ɗan tura shi gefe kaɗan, tana gaya masa da farko, daga baya ba tare da ta gaya masa ba, ta bar shi ya nemi gyara da kansa kafin ta tare.

Wurin riƙon nan yana da muhimmanci. Mun saba yi wa yara tatata muna ɗaga hannuwansu sama da kai. Ga yaro mai lafiya ba komai. Ga wannan kuwa, in ka ɗaga hannunsa ka ɗauke masa aikin, sai ya rataya a jikinka, ya ƙara ɗagewa bisa yatsu, cinyoyi su harɗe. A riƙe shi a ƙugu, kullum ana rage taimakon. Ma'aunin da nake ba iyaye shi ne, in yana cin nasara sau bakwai cikin goma, aikin ya yi daidai. In goma cikin goma ne, ya yi sauƙi, a ƙara. In yana faɗuwa kowane lokaci, a koma baya. Minti goma sau huɗu ko biyar a yini ya fi sa'a guda a jere. Kuma kada a mai da shi horon soja. Yaro ba ya tafiya don tafiya, yana tafiya ne don ya isa wurin wani abu: akuya, ƙwallo, ƴan uwansa, kwanon abinci. Yayyensa da ƙannensa sun fi ni iya wannan, in dai an nuna musu.

Ga wanda yake bukatar abin riƙo, keken koyon tafiya iri biyu ne. Akwai na turawa a gaba, wanda yakan sa yaro ya sunkuya yana bin sa da gudu. Akwai kuma wanda yake zagaye yaro ta baya, buɗe a gaba, yana jan sa. Bincike tun wajen 1990 ya nuna wannan ya fi miƙar da yaro tsaye. Mai walda zai iya ƙera shi, sai dai a sa masa manyan ƙafafu saboda rairayinmu, kuma ma'aikaci ya auna yaron tukuna. Wanda nake roƙonku ku guje shi ne ɗan keken roba mai zagaye da ake zaunar da jariri a ciki ƙafafunsa suna reto, wanda ya cika kantuna. Yana koya wa yaro tura ƙasa da yatsu, abin da muke yaƙi da shi ke nan. Ƙasar Kanada ma ta hana sayar da shi tun 2004 saboda haɗurran da yake jawowa. Alhazai masu shigo da kaya, ku yi mini afuwa.

Kada wani ya fahimci cewa na sallami asibiti. Akwai abin da ido mai horo ne kaɗai yake gani. Takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake zubawa daidai ƙafar yaro, yana sauke dunduniya ya ba shi wurin tsayawa, amma dole a sake shi in ƙafa ta girma, a kuma duba fata kowane dare. Ƙugu yana iya gocewa a hankali ba tare da an lura ba: wani nazari na Ostareliya a 2006 ya samu haka ga kusan kashi 35 cikin 100 na yaran, daga babu ko ɗaya a mataki na farko zuwa 90 cikin 100 a mataki na biyar, don haka yaron da ba ya tafiya yana bukatar hoton ƙugu lokaci lokaci. Wanda yake da farfaɗiya a fara tsayar da ita da magani. Wanda yake ƙwarewa wajen cin abinci har ya rame, a fara da cikinsa, don yaron da bai ƙoshi ba ba ya horo. Agarar da ta riga ta gajarce kuma wani lokaci sai filasta ko aikin tiyata. Ban hana kowa addu'a da rubutun sha ba, ni ma ina yi wa nawa. Abin da na hana shi ne tsaga da lalas da binne ƙafafun yaro cikin rairayi mai zafi, domin na ga ƙunar da hakan ya bari, ban kuma taɓa ganin wanda ya tashi ta wannan hanya ba.

Saura maganar hukuma, tun da akwai ma'aikatanta a nan. Ƙasar nan ba ta da ƙarancin dokoki. Ranar 2 ga Maris 1993, tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu. A 2006 aka ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ko da yake kowa ya san yadda bashin da gidajen likita suka biyo baitulmali ya taru a shekarun da suka biyo baya. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Disamba na 2019 aka ƙara doka mai lamba 2019-62. Ƙidayar 2012 ta nuna naƙasassu sun haura 700,000, wato kashi 4.2 cikin 100 na al'umma. Akwai sashen gashin ƙashi a babban asibitin ƙasa na Yamai, akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 mai aikin ƙashi da gaɓoɓi, akwai Tarayyar Naƙasassu ta Nijar. Duk wannan alheri ne. Amma shekarun jinya kyauta suna ƙarewa a biyar, wannan ciwo kuwa ba ya ƙarewa, kuma takarda ba ta biyan kuɗin taksi. Uwar da take sayar da ƙosai, ranar asibiti ranar asara ce gare ta sau biyu, ga kuɗin mota ga cinikin da ya wuce. In ta daina zuwa sai mu rubuta a littafi cewa ta yi sakaci.

Shawarata ita ce a juya tsarin. Maimakon uwa ta zo sau hamsin a shekara a murza ƙafa, ta zo sau ɗaya a wata ko wata biyu, a auna yaro, a sa sabuwar manufa, a koya mata da hannunta, ta koma. A kowane gidan likita na unguwa a horar da mutum guda da zai san alamun farko, domin jaririn da ya kai wata huɗu bai riƙe kai ba, ko wata tara bai zauna ba, ko yake amfani da hannu ɗaya tak tun bai shekara ba, yana zuwa awo da rigakafi, yana wucewa ta gabanmu. Makarantar ENAM ta Lome ta daɗe tana horar da masu gashin ƙashi da masu ƙera takalman gyara ga ƙasashenmu masu amfani da Faransanci. A tura matasa, in sun dawo kuma a ɗauke su aiki, a kai su Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa, kada duka su taru a Yamai. Shugabannin makarantun boko da ke nan, yaron da yake tafiya da keken riƙo matakala biyu ne suke raba shi da aji, buhun siminti kaɗan zai gyara. Kusan rabin yaran nan hankalinsu daidai yake da na kowa, har da wasu da bakinsu ba ya fita sosai.

Ku kuma Alhazai, na san kuna fitar da zakka da sadaka, Allah ya karɓa. Kuɗin da ake raba wa mabarata a bakin masallaci ranar Juma'a guda zai kafa sanduna a gidaje da dama. Ku ɗauki kafinta ɗaya da mai walda ɗaya, mu koya musu awo, su riƙa yi wa unguwa. Ubanni kuma, tun da na ga yawancin masu goyo a zauren nan mata ne, minti goma na bayan la'asar naku ne.

Ga iyayen da za su zo wurina ko wurin wani abokin aikina, ina roƙon abu guda. Ku samo ƙaramin littafi irin na bashi. Ku ja layi biyu a tsakar gida, taku goma na babba tsakaninsu. Kowace Juma'a ku rubuta daƙiƙa nawa yaro ya ɗauka daga wannan layi zuwa wancan, da daƙiƙa nawa ya tsaya ba riƙo, da sau nawa ya faɗi a yinin. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗan makaranta ya rubuta masa. In wata uku suka wuce lambobin ba su motsa ba, ku zo da littafin ku tuhume mu, mu sake dabara.

Shugaba, na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi. Akwai sanduna biyu da muka kafa a bayan zauren nan. Iyayen da suka zo da yara su biyo ni can bayan tambayoyi, mu gwada riƙon ƙugu ɗaya bayan ɗaya.